Kasuwar Cikin Salula: Ba a Cinikin Biri a Sama

Damargu ƙasar hatsi ce, ƙasar bisashe ce kuma. Tun zamanin kakanni ayarin Abzinawa yake saukowa ya sayi hatsi a nan. Fataken da ke tafiya tsakanin Kano da Tarabulus su ma nan suke ratsawa. Saboda haka ba a koya wa mutumin Tanut ko na Belbeji ciniki. Ya san tayi, ya san albarka, ya san sallamawa.

Amma yanzu wata sabuwar kasuwa ta shigo gari. Ba ta da rumfa, ba ta da turke, ba ta da ranar ci. Tana cikin salula. Mutum yana zaune a Gangara ya ɗauki hoton ragonsa, nan da nan wani ya gan shi a Yamai ko a Kano. Wani yana Tarka ya ga hoton babur ko na injin niƙa, an ce gwanjo ne, wanda ya fi tayi shi ke ɗauka.

Wannan kasuwa tana da amfani, tana kuma da ramuka. Rago guda in ya salwanta, hatsin da gida zai ci lokacin damina ne ya salwanta. Don haka ya kamata kowane manomi da kowane makiyayi ya san yadda abin yake tafiya.

Mene ne gwanjon intanet?

Gwanjo tsohon abu ne. Ana kawo kaya, mutane su taru, wannan ya taya, wancan ya ƙara, wanda ya fi kowa ya ɗauka. Gwanjon intanet shi ma haka yake, sai dai masu tayi ba su ganin juna, ba su kuma taɓa kayan. Hoto suke gani, da ɗan bayani. Ana sa lokaci, kwana ɗaya ko mako ɗaya. In lokacin ya cika, wanda tayinsa ya fi yawa shi ya ci.

A ƙasar Amurka abin ya yi ƙarfi. A shekarar 1995 wani mai suna Pierre Omidyar ya buɗe gidan gwanjo na intanet, wanda daga baya aka sa wa suna eBay. Cikin kayan farko da aka sayar akwai wata ƴar fitilar nuni wadda ta lalace. An saye ta dalar Amurka 14 da ƴan kai. Tun farko masu gidan suka gane cewa babbar matsala ita ce amana. Sai suka ƙirƙiro dabara: bayan kowane ciniki, mai saye ya rubuta shaida game da mai sayarwa, kowa ya karanta. Daga baya suka ƙara da mayar wa mutum kuɗinsa in kaya ba su zo ba.

A Damargu ba irin wannan gida ake shiga ba. Cinikin yana gudana ne cikin ƙungiyoyin WhatsApp da shafukan Facebook. WhatsApp ya fito a 2009. A 2013 aka ƙara masa saƙon murya, shi ne ya sa har wanda bai iya rubutu ba yana iya ciniki da shi. Amma a lura da abu ɗaya. Masu WhatsApp ba su riƙe kuɗin kowa, ba su auna kayan kowa, ba su raba gardama. In ciniki ya lalace, babu wanda za a kai wa kuka a cikin wayar.

Waya ta kawo alheri

Ba a ce waya mugun abu ba ce. A da, makiyayi yakan kora bisashensa kwana biyu ko uku zuwa kasuwa bai san farashin da zai tarar ba. In ya iske kasuwa ta faɗi, ko ya sayar da hasara ko ya koma da dabba ta rame. Yau yana iya kiran ɗan uwansa a Bakin Birji ko a Damagaram ya ji yadda kasuwa ta ci kafin ya kwance igiya.

Wata malamar jami'a ta Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula take shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa inda waya ta iso, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili shi ne ƴan kasuwa suna jin labari da wuri, su kai hatsi inda yake tsada.

Ke nan jin farashi ta waya riba ce. Wurin da haɗari yake shi ne biyan kuɗi ga wanda ba a sani ba, da sakin dabba ga wanda ba a gani ba.

Aikin dillali da waya ba ta yi

Mutane da yawa suna murna cewa ciniki ta waya ya raba su da la'ada. Gaskiya ne akwai dillalan da ke cutar makiyayi, su faɗa masa farashi ɗaya su karɓi wani a hannun mai saye. Amma a tuna da abin da dillalin kirki yake yi. Ya san mai dabba, ya san rugarsa ko garinsu. Shi ne shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. In bayan kwana uku wani ya zo ya ce saniyarsa ce, dillali ake kamawa, shi kuma ya nemo wanda ya kawo ta. In an yi bashi, shi ke bin kuɗin. Gobe ma yana nan a gindin turkensa, ba ya iya ɓacewa.

A kasuwar bisashe kuma akwai shugabannin dillalai, akwai mai yanka tikiti na ma'aikatar magajin gari, akwai malamin dabbobi, akwai jama'a masu ido. A cikin salula duk babu waɗannan. Lamba ce kawai da hoto da murya. Lamba kuwa ana cire ta a jefar cikin minti ɗaya.

Ramin farko: hoto

Hoto ba ya faɗin gaskiya duka. In aka durƙusa ƙasa aka ɗauki rago daga gaba, ɗan shekara ɗaya sai ya zama kamar balami mai shekara uku. In aka tsayar da ƙaramin yaro kusa da shi, sai ya ƙara girma a ido. Hoto ba ya nuna tari, ba ya nuna zawo, ba ya nuna ɗingishi. Hoton da aka ɗauka da kaka, dabba tana ƙoshe, ana iya aika shi da bazara bayan ta rame. Wani ma hoton ragon mutane yake ɗauka a kasuwa, ko ya kwafo daga shafin wani, ya ce nasa ne.

Haka yake ga hatsi da wake. Hoton bakin buhu ba ya nuna yashin da ke gindinsa. Ba ya nuna ko tiya 40 ce cif a ciki ko an rage biyu. Ba ya nuna ƙwarin da suka huda wake.

Mai saye ya nemi a kira shi kiran da ake ganin juna. Ya sa a tafi da dabbar ya ga tafiyarta. Ya sa a buɗe bakinta. Rago yana da haƙoran gaba takwas a ƙasa. Na nono ƙanana ne. Manya biyu na farko suna fitowa tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, takwas ɗin kuma suna cika wajen shekara huɗu. Ya sa a nuna masa alamar wuta ko yankan kunne. Wanda ya ce kullum waya ba ta kamawa a inda yake, amma kuɗi suna iya isa gare shi, a bar shi da kayansa. Mafi kyau duka shi ne a aiki ɗan uwa ko amini da ke kusa ya je ya taɓa da hannunsa. Gani ya kori ji.

Rami na biyu: kafin alƙalami

Wannan ita ce cutar da ta fi yawa. Ana sa kaya da araha ƙwarai. Misali, ragon da kowa ya san ya kai jikka 100 a ce jikka 60. Mutum ya kira. A gaya masa mutane uku suna layi, in yana so ya aiko jikka 20 yanzu a riƙe masa. Ya aika. Sai a ce direba yana son kuɗin mota, ya ƙara. Sai a ce an tsare motar a hanya, ya ƙara. Ran da ya ce ba shi da sauran kuɗi, ran nan lambar take mutuwa.

Alamun macuci uku ne: araha wadda ta wuce hankali, gaggawa, da ƙin a zo a gani. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda yake da rago na gaske a Tanut ba zai sayar da shi rabin kuɗi ga baƙo ba, alhali kasuwa tana bakin ƙofarsa.

Rami na uku: tayin ƙarya

A gwanjo, mai kaya yana iya haɗa baki da abokansa su riƙa ƙara tayi, ba don su saya ba, don su zuga mai saye na gaske. Malamai sun san wannan tun da daɗewa. Suna kiransa najashi, shari'a kuma ta hana shi. A kasuwar fili abin yana da wuya, don an san fuskar kowa. A cikin waya kuwa mutum ɗaya yana iya riƙe lambobi huɗu, ya yi ta taya kayansa da kansa da sunaye huɗu.

Har a manyan gidajen gwanjo an yi haka. A shekarar 2000 wani lauya a jihar Kaliforniya ta Amurka ya sa wani zane a eBay, aka bar mutane suna zaton aikin wani shahararren mai zane ne. Shi da abokansa suka yi ta tayin ƙarya da sunaye iri iri. Tayi ya kai dalar Amurka 135,805. Asiri ya tonu, aka soke cinikin, a 2001 aka gurfanar da su gaban shari'a. In an iya yi wa masu karatu da kwamfuta haka, to wanda ya fara riƙe salula bara sai ya ninka hattara.

Maganin abin shi ne mutum ya yanke wa kansa iyaka tun kafin ya fara tayi. Ya ce wannan babur ba zan wuce kaza ba. In an wuce, ya janye. Zuciya ita ke sa a sayi abin jikka 200 a kan jikka 300 don kada a ce wane ya fi wane.

Akwai kuma ɓacin rai ko da babu cuta. Gwanjon intanet yana rufewa a kan minti. Masu wayo suna jira sai saura daƙiƙa kaɗan su jefa tayinsu. Wanda yake ƙauye, inda sai an hau tudu waya take kamawa, kafin saƙonsa ya tafi an rufe. Ya ɓata kwana biyu da kuɗin waya a banza.

Rami na huɗu: gwanjon hukuma na ƙarya

Masu zuwa Kano da Katsina sun sha ganin hotunan motoci da babura da buhunan shinkafa, an rubuta cewa kwastan na Najeriya ne ke gwanjonsu. A nan akwai gaskiya kaɗan da ƙarya mai yawa. Gaskiya ne hukumar kwastan ta Najeriya ta buɗe gwanjon intanet a watan Yuli na 2017, ta kuma sabunta shi a watan Janairu na 2024. Amma yana da shafinsa na hukuma, sai mai lambar biyan haraji ta Najeriya ke shiga, kuɗi kuma ta banki suke bi. Ko a farkonsa mutane sun sha wahala, don banki ɗaya kaɗai ke karɓar kuɗin shiga.

Macuta sun sami ƙofa a nan. Suna buɗe shafukan Facebook da hoton mutum sanye da kayan sarki, su ce su manyan kwastan ne, a aiko kuɗin takarda a ware wa mutum mota. Hukumar da kanta ta yi ta gargaɗi cewa ba ta gwanjo ta Facebook ko WhatsApp. A riƙe wannan: babu ma'aikatar gwamnati, a Nijar ko a Najeriya, da ke karɓar kuɗin gwanjo ta lambar wayar wani mutum. Duk wanda ya ji labarin gwanjon duwan ko na wata ma'aikata, ya taka ya je ofishin ya tambaya. Zuwa da kai ya fi aike.

Rami na biyar: dabbar sata

Ɓarawon bisashe ba ya son kasuwa, don a can ake gane alamar wuta. Waya ta ba shi hanyar sayarwa ba tare da ya tsaya gaban jama'a ba. Wanda ya sayi raƙumi ko saniya da dare a bayan gari, ba dillali, ba shaida, ba tikiti, ya sayi wahala da kuɗinsa. In mai ita ya gane ta, za a karɓe. Kuɗi sun tafi. Bayan haka doka tana hukunta mai ɓoye kayan sata, ba ɓarawo kaɗai ba. Sai mutum ya tsinci kansa gaban jandarma yana rantsuwa, ba shi da takarda ko ɗaya da zai nuna.

Mai sayarwa shi ma bai tsira ba

Kada a ɗauka mai saye ne kaɗai ake cuta. Ga hanyoyin da ake bi a cuci mai kaya.

Ta farko ita ce saƙon ƙarya. Mai saye ya ce ya aiko kuɗi. Saƙo ya shigo waya, an rubuta adadi daidai, har da sunan kamfani. Mai rago ya saki rago. Da ya je wurin mai cire kuɗi sai a ce babu ko dala. Saƙon da hannu aka rubuta shi. Wani kuma hoton rasit yake aikowa, hoton da aka gyara. Wannan cuta ta yawaita a farkon 2023, lokacin da aka canza takardun naira a Najeriya, tsabar kuɗi ta yi wuya, masu sayen bisashe suka koma biya ta waya. Saƙo ba kuɗi ba ne. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Kuɗi su ne waɗanda mutum ya duba asusunsa da kansa ya gani, ko ya karɓa a hannu a gidan aika kuɗi irin su Nita, Al Izza ko Amana, ya ƙirga. Kafin haka igiya ta zauna a turke.

Ta biyu ita ce kuskuren ƙarya. Wani ya kira yana roƙo, ya ce ya aiko jikka 50 cikin wayarka bisa kuskure, kuɗin maganin mahaifiyarsa ne, a taimaka a mayar. Ko mai saye ya ce ya biya fiye da kuɗin kaya, a mayar masa da ragowar. Mai tausayi ya aika daga aljihunsa, alhali babu abin da ya shigo. Amsar da ta dace ita ce: je ka kamfanin, su ne ke gyara kuskure.

Ta uku ba sata ba ce, amma tana da ciwo. Mutum ya ci tayi, ya ce a riƙe masa. Mai rago ya ƙi kai shi kasuwa, ya kori masu saye biyu. Mako ya wuce, ana ta ba rago dusa da harawa. Daga baya mai tayin ya daina ɗaukar waya. In goshin Layya ne, hasarar ta fi girma, don bayan salla farashi faɗuwa yake. Saboda haka mai kaya ya sa wa'adi a fili: daga yau zuwa jibi da azahar, in kuɗi ba su zo ba, magana ta tashi.

Ta huɗu ita ce canji. Mai saye daga Maigatari ko Mai'aduwa yana lissafi da naira, mai dabba yana lissafi da sefa. Darajar naira ta faɗi ƙwarai a 2023 da 2024. Wanda ya sallama da naira aka biya shi bayan wata guda, abin da ya canza bai kai abin da ya yi zato ba. A faɗi kuɗin da za a biya da su tun farko, a faɗi ranar biya.

Lambar sirri

Kowane asusun waya yana da lambar sirri. Ita ce makullin rumbu. Ba a faɗa wa mai saye, ba a faɗa wa mai cire kuɗi, ba a faɗa wa wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayarta. Kada a rubuta ta a bayan waya. Wanda bai iya shigar da ita ba ya koya, ko ya nemi ɗansa ko ƙanensa, ba baƙon kasuwa ba.

Haka lambar karɓar kuɗi da gidan aika kuɗi ke bayarwa. Wanda ya faɗe ta kafin kaya su iso hannunsa, ya riga ya biya.

Akwai wata lamba mai alƙaluma shida da WhatsApp ke aikowa. Macuci yakan kira ya ce za a sa mutum cikin ƙungiyar tallafi ko ta masu sayen bisashe, a karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Da an karanta, ya ƙwace WhatsApp ɗin. Daga nan ya bi ƴan uwa da abokai yana neman bashi da sunan mai wayar, ko ya yi tallan kayan ƙarya da hotonsa. Saboda haka in saƙo ya zo daga amini yana neman kuɗi da gaggawa, a kira shi a ji muryarsa tukuna.

Kada kuma mutum ya ba da katinsa na ɗan ƙasa a yi wa wani rajistar layi. In aka yi cuta da layin, sunan mai katin ne zai fito.

Hanya da iyaka

Ko ciniki ya yi kyau, saura kai kaya. Daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 150 ne. Daga Damagaram zuwa Yamai ya kusa kilomita 900. Rago yana iya karyewa cikin mota, zafi yana iya kashe shi. Wa zai ɗauki hasara? In ba a faɗa ba tun farko, rigima ce. A yanke magana: daga lokacin da dabba ta hau mota ta wane ce, wa zai biya direba, wa zai karɓa a tasha. A ɗauki hoton dabbar a cikin mota, da lambar motar, da lambar wayar direba.

Ga wanda yake ciniki da mutanen ƙetare, iyaka ma abin dubawa ce. Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. An sake rufe ta daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024. A watan Oktoba na 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi da dawa da wake da shinkafa zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. A watan Mayu na 2025, goshin Layya, an dakatar da fitar da bisashe. Irin waɗannan dokoki suna zuwa suna canzawa. Wanda ya karɓi kuɗin mutumin waje bai tambaya ba, yana iya rasa hanyar kai kaya, ko a kama su a hanya. Kafin a sallama, a tambayi ma'aikatan kiwo, ko na kasuwanci, ko na duwan, abin da doka ta ce a wannan lokaci.

Takardar ciniki

Nan ne karatu yake biyan mai shi. Duk cinikin da ya fara a waya, a ƙare shi a takarda. Ba sai da dogon rubutu ba. Abubuwa bakwai sun isa:

1. Ranar ciniki da garin da aka yi shi.
2. Sunan mai sayarwa da na mai saye, da garuruwansu, da lambobin wayarsu.
3. Kamannin kaya: rago uda, gaba baƙi baya fari, haƙora huɗu, yanka a kunnen dama. In hatsi ne, buhu nawa, tiya nawa.
4. Kuɗin da aka sallama, sefa ko naira.
5. Abin da aka biya, da abin da ya saura, da ranar cikawa.
6. Wanda zai ɗauki hasara in wani abu ya faru a hanya.
7. Sunan shaidu biyu da sa hannunsu ko dangwalen yatsa.

Kowa ya riƙe kwafi ɗaya, ko a ɗauki hotonta a aika wa wanda yake nesa. A haɗa ta da tikitin kasuwa da rasit na gidan aika kuɗi a ajiye wuri ɗaya. Saƙonnin murya na cinikin kuma kada a goge su sai magana ta ƙare.

Ƙungiyoyin manoma da na makiyaya suna iya sauƙaƙa wa mutanensu. Su buɗe ƙungiyar WhatsApp wadda ba a sa kowa sai wanda mutum biyu suka tsaya masa. Su zaɓi amintacce a Damagaram ko a Yamai wanda zai riƙa karɓar kaya yana ƙirga kuɗi. Su riƙa sauraron farashin da ma'aikatan SIMA da na SIM Bétail ke tattarawa daga kasuwanni, don kada baƙo ya zo ya faɗa musu farashin da ya ga dama.

In an riga an cuci mutum

Da yawa suna yin shiru don kunya, kada a ce an yi musu wayo. Wannan shirun shi ne abincin macuci. Yau ya ci na wannan, gobe ya ci na maƙwabcinsa da dabara ɗaya.

Abu na farko, a je wurin kamfanin waya ko gidan aika kuɗi nan take, da rasit. In ba a riga an cire kuɗin ba, ana iya tsayar da su. Sa'a ɗaya tana da muhimmanci. Na biyu, kada a goge komai: lamba, hoto, saƙo, murya. Na uku, a sanar da maigari, a kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda. Nijar tana da doka a kan laifukan da ake yi ta waya da intanet. Ita ce doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga watan Yuli na 2019, wadda aka yi wa gyara a 2022 da 2024. Ta tanadi ɗauri da tara ga mai zamba ta wannan hanya. Na huɗu, a faɗa a masallaci, a bakin rijiya, a kasuwa, a faɗi lambar da dabarar.

A sani kuma, ba kullum kuɗi ke dawowa ba. Macuci yana iya zama a wata ƙasa, da layin da ba sunansa ba. Akwai ma masu kiran wanda aka cuta su ce za su kwato masa kuɗinsa in ya biya wani abu. Su ma ƴan gida ɗaya ne. Rigakafi ya fi magani.

Karatu shi ne dillalin da ba ya karɓar la'ada

A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram. A wasu azuzuwan yaƙi da jahilci an koya wa manya karatu da lissafi kamar yadda aka saba. A wasu kuma an haɗa da koyon aiki da salula. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koya da salula sun fi samun sakamako, don kullum suna karanta saƙo suna rubuta lamba, karatun bai kwanta ba.

Wanda ya iya karatu yana bambanta 5.000 da 50.000. Yana duba asusunsa da kansa. Yana karanta sunan da ya fito kafin ya aika kuɗi. Yana rubuta takardar cinikinsa, ba ya miƙa wayarsa ga baƙo. Saboda haka maza da mata na Tanut, Belbeji, Olelewa, Falanko, Tenhiya da sauran garuruwan Damargu su riƙe ajin karatu da kyau bayan an kai amfanin gona gida. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna, a gari da ruga.

Waya ta ji farashi ce, ta neman mai saye ce, ta sada zumunci ce. Amma sallamawa sai an gani, sakin igiya sai an ƙirga.